Shekarar da na kwashe rumbu kakaf

Shekarun baya can, zamanin Nasara, bayan farar da ta cinye gonakin Gure, mun samu damina mai kyau. Lokacin ban daɗe da barin lakwal ba, wato makarantar boko, mahaifina ya rasu, ciyar da mahaifiyata da ƙannena duk yana wuyana. Ni kuwa mutum ne mai fargaba, ko ƙofa na rufe sai na koma na taɓa ta.

Da kaka, wani ruwan ƙarshe ya doki dammunanmu a gona. Suka sha iska kaɗan, muka jera su a rumbu, ƙanin mahaifina ma ya jera nasa. Amma raina bai kwanta ba. Wata safiya na hau na cusa hannu har kafaɗa. Sama a bushe, tsakiya kuwa ɗumi kamar hammata.

"Inna, hatsin nan yana zufa."

"Kai dai ba ka rasa abin damuwa," in ji ta.

Baffan nawa yana ji ya tuntsire da dariya. "Ɗan lakwal, hatsi ma zazzaɓi yake yi? Kai shi likita mana!"

Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Na kwashe rumbun kakaf, na kwance dammunan na baza zangarniya a kan rairayi. Na yi ta kwanaki ina juyawa, ina korar awakin unguwa, mata masu zuwa rijiya suna yi mini sannu da jinya. Sai da ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori na mayar, na sake jinkar rumbun.

Da ruwa ya sauka aka shiga noma, baffa ya buɗe nasa. Hatsin ya yi baƙi, ya yi sakayau, ana sussuka yana tashi gari. Furarsa ɗaci, ba ta riƙe ciki, yaransa kafin hantsi sun yar da hauya. Namu kuwa fari tas, kwano guda ya kai ka azahar.

Da kansa ya zo, yana ta gyara hula. "Ɗana, yaran nan..."

"Baffa, a turo su. Inna ta dama da yawa."

Da hatsinmu aka nome gonaki biyu a daminar nan, ba wanda ya kwanta.

Fargabar har yau tana nan, tsufa bai rage ta ba. Sai dai tun daga shekarar nan na daina ba mutane haƙuri a kanta.