Karen Da Ya Ci A Hannuna

Abin da zan faɗa muku ya faru ne shekarar da wayar hannu ta fara shigowa ƙasarmu, lokacin da samari ke hawa kan suri suna ɗaga ta sama wai neman sabis. Mijina bai daɗe da rasuwa ba, ɗakin da ya fara ginawa ko rufi bai samu ba. Ban yi boko ba, ni ke faɗa ana rubutawa. To ku kasa kunne, 'yan yara, ba na maimaita magana.

Kafin in lalace, ni ce mai daddawar da ake jira daga Makarfi har ƙauyukan Saulawa. Ba yabon kai ba, daddawata ko a miyar kuka marar nama aka jefa ta sai maigida ya tambayi wa ta yi girki. Gida-gida nake shiga da ƙwaryata, har inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Kuma Allah ya ba ni farin jini wajen karnuka. Kun san matsayin kare a wajenmu: a jefe shi, a ce "kai, tafi can," a watsa masa ƙanzo a ƙasa. Yana gadin gida, amma ba mai yi masa magana mai daɗi. Ni kuwa nakan tsuguna in ce, "Sannu da aiki, ɗan gida," in sosa masa bayan kunne. Ko karen da ke korar mai babur, in ya hango ni sai ya kwantar da kunne.

Wani dillalin awaki, Tanko, shi ya fara lura. Ya tare ni a kasuwa ya ce, "Iya, ke da kare ba ya yi wa haushi, kina zaune kan arziki kina tallan ɗoyi?"

Na ce, "Ɗan nema, da ɗoyin nan uwarka ta yaye ka."

Muka yi dariya. Amma maganar ta bi ni gida.

Da kaza na fara sata, a ƙarƙashin mayafi. Daga nan ɗan akuya. Lokacin saran rake ya fi yi mini daɗi: maza na gona ko wurin dafa mazarƙwaila, mata sun shige ɗaki saboda rana, awaki na ɗaure a bayan rumbu. In kwance igiya, in bi ta ɓarakar danga, kare na raka ni yana kaɗa wutsiya kamar na zo biki. Tanko na jira a burtali da babur.

Abin da ban lissafa ba shi ne wanda zai biya. Maigida ya dawo ba akuya, ba wanda ya ji haushi, sai ya ce karen banza ne, ya kira masu sayen karnuka, waɗannan masu keji a bayan babur. Ran nan a hanyar Hunkuyi na yi kiciɓis da ɗayansu. A cikin kejin akwai wata jar karya da na sani, ta gidan da na ɗauke wa tunkiya. Ta gan ni ta cikin wayar kejin, ta fara kaɗa mini wutsiya. Na kau da kai, na ce da zuciyata, ai kare ne.

A wani ƙauyen Saulawa akwai gidan Malam Sale, da karensu baƙi mai farin wuya, suna ce masa Ƙyale-su. Na riga na raba su da rago ɗaya. Matar gidan, Hajara, ita ta gaya mini da bakinta tana auna daddawa: "Iya, Malam ya rantse, ko tsinke ya sake ɓata, mai keji zai kira. Ni Ummi nake ji, ba ta cin ƙosai sai ta gutsura masa." Ummi 'yarta ce, lokacin ba ta daɗe da iya magana ba.

Na ji, na ce Allah ya tsare. Sallah ta matso, awaki sun yi tsada, sai na koma.

Rana tsaka ce, gidan shiru. Ƙyale-su ya taho ya lashi hannuna, na ba shi kan kifi. Na kwance akuyar Hajara, na kai bakin danga, sai na ji an riƙe igiya ta baya. Ummi ce, da 'yar ƙazamar rigarta.

"Iya, ta Innata ce."

Na ce, "Saki, 'yar nan, ruwa zan ba ta."

Ta ƙi. Na fizga, na ture ta. Ta faɗa kan dutsen niƙa, goshinta ya fashe.

Ban ga tasowarsa ba. Karen da yanzun nan ya ci a hannuna ya cafki hannun nan ɗin dai, ya kai ni ƙasa. Bai yage ni ba, riƙewa ya yi, yana gurnani can cikin ƙirji. Na kira shi da muryar da na saba, "Ɗan gida, ni ce fa." Ko kunne bai motsa ba. Hajara ta fito da gudu ta suri 'yarta, ta dube ni, ta dubi igiyar, ta ce, "Iya? Ke?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da taɓarya ta maka mini da ya fi mini sauƙi.

Tanko ya ji ihu ya tsere, har yau ban sake ganinsa ba. Alƙali ya tura ni gidan kaso, damina biyu na yi ban ga shuka ba. A can ba mai kiranka da daɗi, sai tsawa, sai "ke, matsa." Wata rana wata gandiroba ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sannu, Iya." Wallahi na ji da ta ce in bi ta cikin wuta da na bi. Nan na zauna na yi kukan da ban yi a gaban alƙali ba, don na gane da me na riƙa sayen karnukan nan, bayin Allah.

Da na fito, gidan Malam Sale na fara zuwa, na durƙusa a zaure. Ya ce, "Rago na yafe. Na yarinya, ita za ki tambaya. Karnukan da aka saka a keji kuwa, ban san wa zai yafe miki ba." Ƙyale-su na kwance a inuwa. Ya gane ni, ya buga wutsiya a ƙasa, sannan ya tashi a hankali ya je ya kwanta a kan ƙafafun Ummi, fuskarsa na kallona.

'Yan yara, kada ku fara da kaza. Kuma duk wanda ya sake jiki da ku don kun yi masa magana mai daɗi, mutum ne ko dabba, amana ya ba ku, ku ji tsoron Allah a kanta.

Malam Sale ya rasu, Hajara ta bi shi, Allah ya jiƙansu. Ƙyale-su ya mutu da tsufa a gidansu, ba a keji ba. Saura Ummi, tana aure a Hunkuyi da tabonta a goshi, takan aiko mini da tuwon sallah. Saura ni, da tabona a hannu. Jikokin karen nan na gidan har yau, in na wuce sukan yi mini haushi, ni kuwa ban ƙara ce wa ko ɗaya sannu ba.