Rubutun da Baba ya bari a bayan ƙyaure

Na fi shekara ina cewa zan rubuta wannan abu, ina fasawa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi. Amma lokacin shuka ya matso, kuma na gaji da jin surutun da ba ya kai ni ko'ina.

Muna da wata dawa da muka gada daga mahaifinmu, muna shuka ta a gonarmu ta hanyar Doma. Doguwa ce, ba ta sauri, sai ruwa ya bi ta har ƙarshen damina take cika ido. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke tana tsaka da fitar da kai, muka girbe kusan ƙaiƙayi. Abin da ya rage na iri zangarnu ne 'yan kaɗan, na rataye su a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. In na sake shukawa ruwa ya sake yankewa, gidana ba tuwo. In na koma iri mai sauri na bar ta a rataye, za ta mutu a wurin, kuma ban san wani mai irinta ba.

Abin da nake son sani ke nan: damina ce ta gajarce, ko shekaru biyu ne kawai suka zo a haka?

Na tambayi yayana. Ranar an kwana biyu ana sheƙa ruwa a Lafia, kwatoci sun cika. Ya nuna mini waje da baki.

"Kai dai ba ka rabuwa da fargaba. Ga ruwa har ya yi yawa. Ina sauyin yanayin da 'yan rediyo ke damun mu da shi?"

Bayan mako uku aka yi wata rana mai zafin gaske. Shi ɗin dai ya shigo shagona na ɗinki yana fifita da hula, yana cewa, "Wallahi duniya ta canja, ƙanena. Da ba a irin wannan zafin." Na ce, "Yaya, ba kai ne ka ce babu ba?" Ya ce ran nan daban, yau daban. Haka majalisarmu take gaba ɗaya. Kowa ya ɗaga kai ya dubi sama, abin da ya gani a ranar shi ne hujjarsa. Ni kuwa ba dawar rana ɗaya zan shuka ba.

Sai na tuna ƙyauren ɗakin Baba. Duk shekara, ranar da ya tabbata ruwa ya ɗauke, yakan rubuta kwanan wata da ajami a bayansa. Na ciro ƙyauren daga cikin tarkace, na goge shi a hankali, na kwafe layukan a takarda. Sai na zauna na karanta. A wani layi ruwan ƙarshe a watan Babbar Sallah, a wani a watan Azumi, a wani har Rajab. Na ce shi ke nan, damina ta ja baya da wata biyar, mu muna zaune!

Da takardar na ruga gidan maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon, tsohon malamin gona. Ya sa tabarau ya saurari karatuna, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Tela, kai da kake azumi, ni zan gaya maka? Azumi bai taɓa samunka a zafi ba, ya zo ya same ka a damina?"

Kunya ta kama ni. Tun ina yaro na san watanmu yana zagayawa, kowace shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya. Fargaba ce ta rufe mini ido. Wata ne ya yi tafiya a ƙyauren, ban san ko ruwan ya motsa ba.

Da ya gama dariyarsa ya yi mini bayani. Ya ce ruwan yau, zafin gobe, har damina ɗaya ko biyu, wannan yanayin lokaci ne, yana hawa yana sauka. Halin ƙasa kuwa sai an jera kamar shekara talatin an duba inda abin ya karkata. Ya ce masana sun auna, duniya tana ƙara zafi, wannan ba gardama. Amma ko ruwan hanyar Doma yana ɗaukewa da wuri fiye da da, ba zai rantse mini ba sai ya ga lissafi.

"Wannan ƙyaure naka abu mai kyau ne," in ji shi. "Kawo mini shekarar kowane layi, ni zan juya maka shi zuwa watan boko."

A nan takaicin yake. Baba bai rubuta shekara ko ɗaya ba, kuma ba a jere ya yi ba, duk inda ya ga fili a katakon nan yake sa alƙalami. Abin da ya sa a gefe kawai irin su "shekarar da tsuntsaye suka cinye dawa", "shekarar da rijiyar bayan gida ta rufta". Na kai wa yayana, ya ce rijiyar sau biyu ta rufta, kuma in daina wahalar da kaina a kan tsohon katako. Na zagaya wurin tsofaffi uku, kowa da shekarar tsuntsayensa.

Na yanke cewa bana zan shuka mai sauri a yawancin gonar, in ware wa dawar Baba kunya goma ta wajen fadama, don kada irin ya ɓace. Ban san ko daidai na yi ba, kuma baɗi ma tambayar tana jirana.

Don haka nake roƙo. Duk wanda iyayensa suka yi noma tsakanin Lafia da Doma, ko wajen Ashige, suka rubuta ranar ɗaukewar ruwa tare da shekara, ko a bangon rumbu ne ko a bayan littafi, don Allah ya taimaka mini da shi. Haka wanda ya san tabbas shekarar da tsuntsaye suka yi ɓarnar nan a hanyar Doma. Amma wanda zai ce mini jiya an yi ruwa a unguwarsu, ya bar shi, ina da Yaya.