Gaisuwa Biyu ta Mamaci Ce

Pyo Deok-su ya yi ƙuruciyarsa yana jera haruffan dalma a wata maɗaba'a a garin Mokpo na bakin teku, a zamanin da in harafi ya fito sau biyu a layi, maigida zai murɗe maka kunne. Har ya tsufa bai yarda da abin da ke maimaita kansa ba. Saboda wannan tsantseni nasa aka damƙa masa kwamfutar zauren tsofaffin unguwa, yana duba wa mutane lokacin tashin jirgin ruwa da labarin yanayi.

Wata safiya ya danna burauza, wato manhajar shiga intanet, sai taga biyu suka buɗe, iri guda, ɗaya kan ɗaya. Ya rufe, ya sake dannawa. Biyu dai.

Ok Man-bok, tsohon direban tasi da ya ɗan girme shi, ya leƙo ta bayansa.

"Ƙanena, yaushe ka rasu ba mu ji ba? A al'adarmu, mai rai sau ɗaya ake durƙusa masa, mamaci sau biyu. Ga na'ura tana yi maka biyu!"

Zaure ya kece da dariya. Kafin mako ya zagayo, sunan Deok-su ya koma Marigayi. Har tsofaffin mata in sun dafa shayin sha'ir sai su ce, "Marigayi, a zuba maka ko can kun sha?"

Deok-su ya ƙulla abin a ransa. Ya bi saitin burauzar layi-layi kamar yadda yake bin gyaran rubutu a da. Shafi ɗaya ne aka sa ya buɗe da farko. Ya cire duk tarkacen da aka liƙa mata, ya goge ta, ya sake sauko da ita. Biyu dai. Ya so ƙwarai a ce Man-bok ne ya taɓa wani abu, amma bai sami shaida ba. Sai ranar da ya ari linzamin wata kwamfuta, wato abin dannawa, ya gwada, taga ɗaya ta buɗe. Ashe tsohon linzamin ne ya gaji: in an danna sau ɗaya, sai ya ƙirga biyu.

Ya sayo sabo, bai gaya wa kowa dalili ba. Tsohon linzamin kuwa ya goge shi tas, ya sa shi a kwalin sabon, ya jira. Sunan Marigayi bai bar shi ba.

Ranar bikin haihuwar Man-bok, Deok-su ya miƙa kwalin da hannu biyu.

"Yaya, na ga yatsunka na wahala a kan ƙaramar kwamfutar nan taka."

"Kai, ashe matattu ma na kyauta!" in ji Man-bok.

Washegari Man-bok ya kawo kwamfutarsa zaure don ya nuna hotunan biki. Ya jona linzamin, jama'a suka kewaye shi, ya danna burauza. Taga biyu. Ya rufe da sauri, ya sake. Biyu.

Deok-su ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya durƙusa har goshi ya taɓa ƙasa. Ya tashi, gwiwoyinsa na ƙara, ya sake durƙusawa.

"Sannu da isowa, Yaya. Na riga ka, na kama maka wuri."

Matar da ke riƙe da butar shayi ta dubi Man-bok, ta ce, "Marigayi, a zuba maka?"