Gicciye a Silin Ɗin Abhur

Shekara goma sha tara ina aikin jibs a Jidda, wato farin adon nan na silin da bango. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mini, kuma dalili ɗaya ne yake sa ya sabunta ta: zanen a cikin kaina yake.

Sai ya kawo wani injiniya, jikan alhazanmu, haihuwar unguwar Ruwais, Hausarsa rabi Larabci. Ya dasa kwamfuta a kusurwar shago. Wai akwai wani kati mai fanka a cikinta, ba ya komai sai zane. Ya ɗauki hoton tsofaffin allunan zanena, ya ɗauki na tagogin katakon tsohon gari, ya ɗora wannan kan wancan. Yana canza lamba, siffa tana haihuwar siffa. Kafin shayina ya huce ya fitar da adon da ya fi nawa na wata guda.

"Ya ammi, ina sauran allunan?" in ji shi.

"Ɓera ya cinye."

"Ɓera yana cin jibs?"

"Na Jidda yana ci."

Ban yarda da shi ba. Mutum ba ya kiran ka ammi, wato baffana, safe da yamma a banza. Saura wata biyu iƙamata ta ƙare, kafili kuma ya daina tambayata komai.

Aikin farko da katin ya zana na wani gida ne a unguwar Abhur. Da aka buga a takarda na duba. Duk inda layin taga ya ratsa layin allona, gicciye ne ke fitowa, irin na coci, ƙanana, jere-jere. Kowane mai ado a ƙasar nan ya san ba a barin wannan a gidan mutane. Mukan karya layin ko mu sa fure. Kati bai sani ba. Injiniya bai taɓa wuni a kan tsani ba. Na gani, na yi shiru, na kwaɓa jibs.

Bayan an ɗora silin, uwar maigidan ce ta ɗaga kai ta hango. Kafili ya same ni yana gumi.

"Yalla, je ka gyara. Takardarka an gama, gobe za a sabunta."

Kwana tara ina sama ina mayar da gicciye fure. An sabunta mini shekara ɗaya. Ban yi murna ba. Duk kwanakin nan injiniya yana gindin tsanina, yana miƙo mini ruwan sanyi, kyamara rataye a wuyansa.