Shirun da na yi a gaban likita

"Baba, kana da ciwon suga?" likita ya tambayi mahaifina kafin allurar kashe zafi. Aikin gwaiwa za a yi masa a Yelwa.

"Lafiyata lau," in ji Baba, don kar a ɗaga aikin mu ƙetare ruwa a banza.

Da idona na ga ya haɗiyi maganin sugansa cikin jirgin ruwa, cikinsa babu komai. Amma yaya zan ƙaryata ubana gaban mutane?

Ana yin allurar, zuciyarsa ta rikice. Gawa muka mayar gida.

"Da kun faɗa!" in ji likita bayan ya auna jininsa. "In suga ya sauka, zuciya ba ta jure allurar nan."

Har yau na kasa gaya wa Inna. Da ku ne, za ku yi magana?