Aiken da Na Kai wa Kawu a Yankin Rijau

Mun tashi da asuba daga Kontagora, ana sallame salla, ni da wani maƙwabcina da zai je duba gonarsa. Masu tambayar ina na shige kwana biyun nan, to ba yawon shaƙatawa na je ba, aikena aka yi. Taubashina da ke Amurka ne ya hana wayata hutawa, wai in je ƙauye in shawo kan mahaifinsa, wato Kawuna, ya yarda a kai shi can a yi masa aiki. Likitoci sun ce ciwon mafitsarar da ke damunsa ya wuce shan ƙwaya, kuma jinkiri ba zai yi kyau ba. Kawu kuwa ya ce ko a mafarki ba zai taka ƙasar ba.

A tasha muka sha koko da ƙosai a tsaye. Kuɗin mota ya sake hawa. Direba ya ce mai ne, na ce ai wancan karon ma mai ka ce, ya ce to har yanzu man ne. Aka cusa mu biyu a kujerar gaba, ni ne na tsakiya, duk sanda zai canza giya sai gwiwata ta sani.

Wanda ya san hanyar Rijau a ƙarshen damina ba ya buƙatar bayani. Inda kwalta ta rage, ramuka sun cinye ta, inda babu kuma taɓo ne. Sau biyu muka sauka muka tura, farar rigata ta koma kalar kunun kanwa. Dawa ta yi tsayi dama da hagu, gwanin sha'awa, amma ba wanda ya yaba, domin kowa na tunanin abin da zai iya ɓuya a cikinta. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita, direba zai rage gudu ya tambaya ko gaba lafiya. Sai an ce lafiya sannan hira ta dawo.

A Rijau muka rabu da maƙwabcina. Na ci tuwon dawa da miyar kuka wajen wata mata da ke hira da 'yan'uwanta da Dukanci, amma da aka zo faɗin farashi Hausarta ta fi tawa fita. Daga nan ɗan acaba ya ɗauke ni zuwa ƙauyen Kawu. Da na sauka, bayana kamar an yi sussuka a kansa.

Bari in gabatar muku da Kawu. Yana saurayi ya samu tallafin karatu zuwa Kyuba, tsibirin nan na 'yan gurguzu da ke ƙarƙashin hancin Amurka, ya koyo likitancin dabbobi. Ya dawo da takardar shaida, da gemu, da son jagoran juyin juya halin ƙasar, wanda har yau ba ya kiransa da komai sai Mai Gemu. Kawu ba ya fashin coci ranar Lahadi, amma hoton Mai Gemu ne kusa da kalandar cocin a bangon ɗakinsa. In awaki suka ɓata masa rai, da Sifaniyanci yake zaginsu.

Na same shi a gindin mangwaro, ya rame ƙwarai. Bayan gaisuwa na miƙa masa takalman da ɗansa ya aiko. Bai gwada ba sai da ya juya su ya duba inda aka yi su. Da ya ga a ƙasar Sin ne, ya ce to waɗannan za a iya sawa.

Kuskurena shi ne da na ambaci Amurka tun ban huta ba. Kawu ya gyara zama. Ya fara tun daga yadda Mai Gemu ya sauko daga duwatsu da mutanensa, ya kori masu sayar da ƙasar, ya buɗe makarantu da asibitoci, da yadda babbar maƙwabciya ta ƙaƙaba musu takunkumi don sun ƙi rusunawa. Ya ce ya taɓa tsayawa cikin rana yana sauraren jawabin mutumin tun hantsi har inuwa ta juya, bai ji gajiya ba. Ni dai na ji, domin na Kawu ma tun azahar ya ɗauko shi, sai da na nemi izinin yin la'asar. Na ce masa ai 'yan ƙasar da yawa cikin kwale-kwale suka gudu zuwa Amurkar, kuma an ce masu sukar gwamnati sun sha ɗauri. Ya ce ya sani, Mai Gemu ba mala'ika ba ne. Amma shi ya ga malaminsa, tsoho mai ciwon zuciya, yana raba ƙwayar magani biyu don babu wata a kanti, kuma mutumin ya koyar da shi kyauta, ya ci da shi a gidansa. Ranar bankwana, shi da abokan karatunsa suka yi alkawari ba mai taka Amurka sai an janye takunkumin.

Na ce, "Kawu, alkawarin samartaka ne fa. Sauran ma ƙila sun manta."

Ya ce, "Ɗan nan, ni ban manta ba. A yi mini aikin a nan gida. In ɗana yana son ganina, ya zo. Uba ne zai bi ɗa?"

A nan na gane abin da ke ci masa rai. Shekaru ke nan taubashina bai zo gida ba, ko jana'izar mahaifiyarsa a waya ya kalla, Kawu kuma ya ɗauka ƙasar ce ta shiga kansa. Akwai maganar da taubashina ya roƙe ni in riƙe, don kada tsoho ya damu. Na auna, na ga riƙe ta ya fi faɗinta illa. Na gaya wa Kawu cewa takardun zaman ɗansa ba su kammala ba. In ya fito, ba lallai a bar shi ya koma wajen matarsa da 'ya'yansa ba. Matar, da yake ita takardunta sun cika, ita ce za ta aiko wa Kawu da gayyata, kuma wannan ce kaɗai hanyar da taubashina ya gani ta sake ganin mahaifinsa.

Kawun da ya yini yana jawabi sai kawai ya ce, "Ashe shi ma rufe shi aka yi." Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki.

Da safe ya ce in kawo waya. Babu sabis a ƙauyen, sai na ɗauki muryarsa don in tura in na isa gari. Na zaci jawabi zai yi, har na nemi kujera. Gajere ne. Ya ce wa ɗansa dawa ta yi kyau bana, ya tambayi jikokin da bai taɓa gani ba. Sannan ya ce, "Ka zauna inda kake, kada ka fito saboda ni. Ni ma ba zan zo ba. Zan je a yi mini aikin a nan. Na daina fushi da kai."

Komowa ta fi zuwa wuya, don an yi ruwa. Ban ma san sau nawa muka tura mota ba, na daina kula da riga. Sai da muka kusa Kontagora saƙon ya tafi. Ina shiga gida taubashina ya kira. Mutumin da kullum da tsokana yake fara magana da ni, wannan karon sunana kawai ya kira, sai kuka. Na bar shi ya yi.

Na gaji ƙwarai, kuma ba hanya kaɗai ta gajiyar da ni ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne rigimar manyan ƙasashe ba ta tsayawa a rediyo, tana iya biyo mutum har ƙauyen da ko sabis babu. Kawu zai zo Kontagora mu wuce asibiti tare, na gode Allah da wannan. An aike ni in kai uba wajen ɗansa, abin da na iya kawowa muryarsa ce kawai, kuma duk mun san ƙila iyakar ganawarsu ke nan.