Kogon Baba Dogo

Har gobe ba zan manta da ranar da Madugu Tanko ya kira ni zaurensa a Birnin Gwari ba. Lokacin ina jagaban ayarinsa. Ga waɗanda ba su san fatauci ba, jagaba shi ne mai shiga gaba, ya duba hanya da mashaya da wurin yada zango kafin ayari ya iso.

Na tarar da dattawan ƙabilar Kamuku uku a zaune, a tsakiyarsu wani tsoho makaho, ana ce masa Baba Dogo. Yaƙi ne ya kore su daga dutsensu tun yana saurayi, suka zauna wajen Kutemeshi. A kan dutsen akwai kogon da kakanninsu suke ziyarta, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa shiga. In ya mutu, hanyar ta ɓace. Shi ya sa suka zo neman wanda zai kai su.

Na ja Madugu gefe na ce, "Ranka ya daɗe, wurin bautarsu ne fa."

Ya ce, "Ba bauta aka ce ka yi ba. Ka kai su, ka dawo da su lafiya."

Kwana huɗu na yi a daji ni kaɗai ina shiri. Na zaɓi hanyar bakin rafi saboda ruwa, na kauce wa turbar da mahara suke bi suna kama mutane. Na sa aka yi guzurin dakuwa da busasshen nama, don kada mu hura wuta hayaƙi ya tona mu. Damina ta kusa, in muka makara rafin ya cika. Abu ɗaya ya gagare ni: na zagaya dutsen sau biyu, ban ga ta inda ake hawa ba.

Mu goma sha ɗaya muka tashi, tsohon a kan jaki. Ran kwana na uku da hantsi muka isa gindin dutsen. Na durƙusa na ce, "Baba, iyakar sanina ke nan. Ban ga hanya ba."

Ya ce, "Ɗana, sauke ni. Ku ajiye duk wani ƙarfe, ku cire takalma."

Ya ɗora tafinsa a jikin dutsen, yana tafiya yana shafawa, mu masu ido muna biye. Can ya tsaya gaban wata sarƙaƙiya ya ce a buɗe. Sai ga tsaga, daidai faɗin mutum ɗaya, da matakala da ƙafafun magabata suka lashe har suna santsi. Sau biyu na wuce wurin nan.

A bakin kogon na tsaya, don nan hurumina ya ƙare, amma ina hango ciki. Faɗinsa ya fi kasuwar ƙauye. Haske na sauka ta wata kafa a sama, daidai kan wani farin dutse mai tsayin mutum, ruwa na ɗiga a kansa ɗaya-ɗaya. Sanyi ya bugo ni. Tsohon ya fara kiran sunayen kakanninsa, kogon yana mayar masa da muryar kamar jama'a ce ke amsawa. Manyan maza suka fashe da kuka. Ni kuwa na sami kaina ina tasbihi ga wanda ya halicci wurin.

Da suka fito, tsohon ya kama hannun babban jikansa, magidanci, ya bi da shi tsagar sau uku har ya riƙe. A dawowa muka haye rafin, ruwa iya gwiwa. Baba Dogo bai ga kakar shekarar ba, ya rasu.

Ku da kuke koyon aikin jagaban nan, tun daga ranar ban ƙara tsara tafiya ba sai na zauna da wanda zan kai, na tambaye shi abin da ya sani. Na shekara ashirin ina taƙama da sanin dajin nan, makaho ya nuna mini ƙofa.